Ranar da na ɗora hannun Umma a sikeli

Shekarun baya, lokacin da unguwar Misfala a Makka ke cike da lunguna kafin otal-otal su cinye su, mai sayen turare hancinsa kawai yake zuwa da shi. Yanzu wasu sai sun juya kwalba sun karanta bayanta kafin su buɗe.

Ina da ɗan shago a lokacin, kuma humrar mahaifiyata ce ke riƙe da shi. A gidanmu na unguwar Jarwal take haɗa ta: farce, sandal, miski, da wasu abubuwa biyu da ko ni ba ta faɗa wa ba. Ba ta awo. Tafin hannu ne ma'auninta, sai hanci.

Wani abokina mai shago a Faransa ya zo Umara, ya sunsuna, ya ce matan can za su yi rububinta. Sai dai dokar Turai ba ta yarda a sayar ba sai an rubuta duk abin da ke ciki, an kai ɗakin gwaji, an samu mazaunin can ya sa hannu ya ɗauki alhaki, kuma haɗin bana ya zama daidai da na baɗi.

Ni da na zaga Istanbul da Khartum da Jakarta, ga Faransanci a bakina, sai na ga ai wannan aikina ne. Na sayo sikelin masu zinare. Duk abin da Umma ta damƙo sai in ce ta zube a kai in rubuta. Har abubuwan nan biyu ta fito da su, fuska ba walwala. Na haɗa tawa bisa awon da na rubuta, ta jiƙu, na jera a shago ban gaya wa kowa ni na haɗa ba.

Wata tsohuwa daga unguwar Ka'akiyya, wadda tun ina saurayi take saye, ta buɗe kwalba ta sunsuna ta mayar da murfi. A hankali ta tambaye ni ko Hajiya ba ta da lafiya ne. Kafin mako ya zagayo magana ta iso gida, wai hannun Hajiya ya mutu. Sunan da ta gina tun kafin a haife ni, ni na kusa rushe shi.

Umma ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Farcen bana ba na bara ba ne, sandal ma haka. Takardar taka tana da hanci? Kalas, ya isa, ɗauke min sikelin nan." Ta haɗa sabuwa, ta aika wa tsohuwar kwalbar farko. Tsohuwar ta dawo, har da maƙwabtanta.

Na yaga takardun na kira abokina. Ya ce, "Ya Shehi, kasuwar Turai fa za ka bari." Na ce masa inda sai da lauya ake shiga, ba kasuwa ba ce.

Har yau ban canza ra'ayi ba. Mai sayar da guba a kama shi a hukunta. Amma dokar da babban kamfani ke cikawa a yini ɗaya ita ke kashe mai ƙaramin ƙarfi tun bai fara ba, shi ya sa ban taɓa jin manyan sun yi kuka da ita ba. Tsohuwar nan ta kama kuskurena da sunsunawa ɗaya, kuma ba hukumar da ta naɗa ta.

Umma ta rasu, ƙanwata ta gaji hannun. Matan Faransa da kansu suke zuwa aikin Hajji su saya su cusa a jaka. Sikelin na ba maƙwabcina mai zinare, kuma tun daga ranar ba a sake auna humra a gidanmu ba.