Daɓen Kaka a Jikin Bango

Shekaranjiya maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana toshe hanci, wai me ya mutu a gidana. Ba abin da ya mutu. Makuba ce na jiƙa a wani tsohon bokiti, wato ɓawon ɗorawa, ta kwana biyu a ruwa ta yi tsami, ruwan ya yi jawur. Ita wari take ji. Ni kuwa da zarar wannan tsamin ya bugi hancina sai in gan ni a ƙauyenmu na hanyar Minjibir, ina yarinya, a durƙushe a ƙofar ɗakin Kaka da ƙoƙo a hannu, ina jiran a ce in yayyafa.

Idan kai ɗan yanzu ne, wataƙila ba ka taɓa taka daɓe ba, kuma ba laifinka ba ne. Kafin siminti ya cinye mu, ƙasan ɗaki da tsakuwa da jar ƙasa ake yin sa. A shimfiɗa, a jiƙa, mata su jeru a durƙushe kowace da madaɓinta na itace su yi ta bugu, ana yayyafa ruwan makuba, har ƙasar ta haɗe ta yi sulɓi ta ɗauki wani duhun ja mai sheƙi. Da bazara ake yi, lokacin da ɗorawa ta nuna, maza suna can suna ta kai taki gona a kan jakuna. A wajenmu gona a jingine take da gona, gida a jingine da gida, don haka in aka fara bugu a gida ɗaya duk unguwa ta ji. Ba a aika goron gayyata. Sautin ne yake kira, sai ka ga mata suna ɓullowa ta bayan danga, kowace da madaɓi a hammata.

Ɗakin Kaka ya fi na kowa, kuma ba don kakata ce nake faɗa ba. Ita ba ta tsayawa a bugu kawai. Duk tukunyar da ta fashe a gidan, duk tangaran ɗin da ya sulluɓe daga hannun wata, tana tara gutsattsarinsu a wani kasko a ƙarƙashin gado. Ranar daɓe sai ta zauna ta jera su a cikin ɗanyar ƙasa: zagaye a tsakiya kamar faifai, layi biyu su taho har bakin ƙofa, sai wani ɗan lanƙwasa a kusurwar da randa take zama. Ƙawarta, Iya mai daddawa, ita ce mai ba da waƙa, sauran mata suna amshi, madaɓai suna sauka tare. In an gama, Kaka ta fito da dambu da fura a ci a watse. Da tsananin zafi in ka kwanta a wannan ƙasa sai ka ji sanyi-sanyi a bayanka, da sanyi kuma ba ta ɗaukar ɗari. A kanta na koyi rarrafe, a kanta na koyi sallah.

Wanda ya kashe ɗakin Baffana ne, ƙanen mahaifina. Allah ya yafe mini, amma tun ina ƙarama ban taɓa ganin mutum mai iyayi irinsa ba. Ya je birni ya yi 'yan shekaru yana tsaron shagon kayan gini na wani Alhaji, shi ke nan ya dawo mana da sabon hanci. Komai na gidanmu wari yake masa. In zai zauna a tabarma sai ya kakkaɓe ta da hankici, in an ba shi ruwa a moɗa sai ya leƙa ciki tukuna. Kalmar da ta fi sauƙi a bakinsa ita ce ƙauyanci, shi da aka yanke wa cibi a bayan wannan ɗakin.

Wata shekara Kaka ta tafi Bagwai zaman jegon gwaggona. Baffa ya ga ya samu fili. Ya zo da buhunan siminti a bayan akori-kura da wani magini, suka fitar da gadonta da randarta tsakar gida, suka malale ɗakin tas. Bai tambayi kowa ba. Mahaifina yana gona, da ya dawo ya tarar an gama, ya ƙyale shi don ba ya son rigima da ƙani a gaban mata. Baffa kuwa sai shiga yake yana fita, baki har kunne, yana kiran maƙwabta su zo su ga yadda ake jin ƙan uwa.

Ranar da Kaka ta dawo ina riƙe da ƙullin kayanta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallon wannan toka-tokar shimfiɗa. Baffa yana gefe yana jiran yabo. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Iyakar abin da ta ce masa ke nan, shi kuma ya ɗauka ya ci riba, ya hau mota ya koma birni. Da muka rage mu biyu ta cire takalmi ta shiga, ta ɗan taka nan ta taka can, ta ce da ni, "'Yar nan, an mai da ni baƙuwa a ɗakina."

Simintin ma ba na kirki ba ne, yashi ya fi yawa. Kafin damina ta fita ya tsattsage, tururuwa ta samu hanya. Da sanyi ya shigo ƙafafun Kaka suka fara ciwo, ta mayar da tabarmarta rumfa, a can take wuni. Ba ta ƙara tara tsingaro ba. In tukunya ta fashe sai ta ce a zubar a juji. Bayan rasuwarta aka rushe ɗakin aka yi na bulo, daɓen yana can a ƙasa an danne shi sau biyu.

Na girma, na yi aure, na zo na zauna a gefen Ungogo inda gonaki suke komawa filoti, ina ɗan ɗinkina. Da 'ya'ya suka tasa hannuna ya samu sarari, sai abin ya dawo mini. Na sa kafinta ya haɗa mini katako mai faɗin rabin tabarma, na cika shi da tsakuwa da jar ƙasa, na jera fasassun tukwane yadda idona ya riƙe, na yi ta bugu a tsakar gida. Na yi na tsakiyar ɗakin, na yi na bakin ƙofa, na yi na gindin randa. Bari in faɗa maka abin da nake nema da wannan wahala, don ba yabo ba ne. Hoton ɗakin babu, ɗakin babu, har na fara shakkar ko ni ce na ƙawata shi a zuciyata. So nake mutum ɗaya da ya san wancan daɓe ya zo ya ce mini, e, haka yake. A duk matan da suka buga shi Iya mai daddawa kaɗai ta rage, ta tsufa tukuf, idonta ya yi rauni.

Ana haka wata ƙungiyar matasa ta shirya baje kolin aikin hannu a zauren wata makaranta da ke kusa da ƙauyenmu, lokacin hutu. Na ga dama ta samu, tunda Iya ba za ta iya doguwar tafiya zuwa gidana ba. Na loda kayana a mota, na aika wa jikanta ya kawo ta.

Kai, na ga abin takaici a zauren nan. Masu huluna da masu faifai da masu tabarmi an tura su can baya kusa da taga, an cika gaba da kujerun roba na manyan baƙi. Nawa kuwa yaran suka ɗaga su suka tsayar a kan wasu bencuna, suka jingine da bango, suka kewaye da igiya. Na ce musu abin ƙasa ne, a shimfiɗe ake ajiye shi. Wani mai kati rataye a wuya ya dube ni da tausayi ya ce, "Anti, ai irin wannan a bango ake sa shi. Kuma ba a taɓawa." Yaron da ko tukunyar ƙasa bai taɓa ɗauka ba, shi ne yake koya mini inda ake ajiye daɓe. 'Yan mata suka yi ta zuwa suna juya wa aikin baya suna ɗaukar kansu hoto. Ban ga wadda ta juyo ta dube shi da ido ba.

Uban taro kuma wa kake tsammani? Baffa. Yanzu ya zama Alhaji, ya yi tumbi, yana da shagunansa na tayil, duk taron da aka ce al'ada yana kujerar gaba. Ya karɓi lasifika ya gyara babbar riga, ya yi ta zuba a kan yadda muka yi sakaci da gadon iyaye. Daga nan ya nuna aikina da sandarsa ya ce wannan 'yarsa ce ta yi, kuma irin adon bangon da mahaifiyarsa take yi ne, yana kwance yana kallonsa tun yana yaro, har muryarsa tana rawa. Adon bango! Mutumin da ya tsaya da takalminsa a kan daɓen yana nuna wa magini inda zai zuba siminti, ko gane shi bai yi ba. Aka tafa masa. Ni kuwa ina tsaye na haɗiye, don a wajenmu ba a ƙaryata baffa a bainar jama'a, ko da ƙaryar ta fi shi tsawo.

Ana cikin rabon lemo jikan Iya ya shigo da ita a hankali, tana dogara sanda. Na durƙusa na gaishe ta. Ta shafa fuskata ta ce, "Jikar ƙawata, ina abin?" Na kai ta bakin igiya na ce ga shi nan a jikin bango. Ta yi tsaki. Ta ce, "Daɓe a tsaye? Ni da ido zan gan shi? Sauke mini."

Na tsallaka igiyar. Mai kati ya taso, Baffa ma ya taso yana cewa, "Ke, kina da hankali kuwa? Baƙi suna kallo, za ku lalata abu." A rayuwata ban taɓa jin maganarsa na yi kamar ban ji ba sai ranar. Wata mai faifai ta kama mini, muka sauke na gindin randa muka shimfiɗe a ƙasa.

Iya ta tuɓe takalmi ta hau. Ashe su da tafin ƙafa suke duba daɓe. Ta ja ƙafarta a hankali tana bin jerin tsingaron da babban yatsa, ta bi lanƙwasar nan har ƙarshenta, ta tsaya. Ta ce, "Nan randa take zama. Jerin nata ne, wallahi nata ne." Hawaye ya zubo mini, ban ɓoye ba. Daɗin da na ji a wannan lokacin ban taɓa jin irinsa ba.

Amma ba ta sauka ba. Ta buga diddige a tsakiya, ta matsa gefe ta sake bugawa, ta karkata kai tana saurare. Ta ce, "Su wa suka taya ki bugu?"

Na ce, "Ni kaɗai ce, Iya."

Ta ce, "Na ji. Nan kin buga da ƙarfi, nan kin gaji. Bai daɓu ba, 'yar nan, ba zai ga damina biyu ba. Hannu ɗaya ba ya daɓe." Ta laluba takalminta ta sa, sannan ta ƙara da cewa, "Da kin aiko, ko ban iya ɗaga madaɓi ba ai bakina bai mutu ba."

Baffa bai ji ko ɗaya ba. Yana can an ja shi hoto da sauran manya a gaban guda biyun da suka rage a tsaye. Har gobe in ka je falonsa za ka ga hoton, kuma zai gaya maka adon bango ne.

Yanzu in na je ƙauyenmu, kowane ɗaki tayil ne mai santsi, tsofaffi suna takawa a ɗarare suna dafa bango kada su zame, 'ya'yansu suna alfahari sun ji ƙansu. Ɗorawar ma an sare yawancinta an yi gawayi, sai na yi cigiya kafin in samu makuba. A nan inda nake zaune kuwa kowace mace tana bayan ƙyaurenta na ƙarfe, in ta ji bugu a maƙwabta sai ta aiko yaro ya ce a rage, ana barci. A haka nake shirin yin wani sabo a wannan bazarar, babba, a shimfiɗe a tsakar gidana inda ba mai kewaye shi da igiya. Tsakuwa tana nan a jibge, na sa an sassaƙa madaɓai sababbi, jikan Iya ya yi alkawarin kawo ta ta kwana a wajena ta ba da waƙa. Na bi layinmu gida-gida ina neman masu amshi. Har yau ban samu ko ɗaya ba.