Ruwan Mazarƙwailar da Na Dafa wa Baba

Ina aji biyar na sakandare Baba ya zo hutun da ya fi kowanne tsawo, mako uku cur, ana tsakiyar zafin bazara. Soja ne, kamar yawancin iyayen ƙawayena a unguwarmu ta Zuru, kuma tun ina rarrafe yake yawon barikokin kudu. Sau biyu aka tura shi ƙasar waje aikin kiyaye zaman lafiya. Mama kuwa ta ce ba za ta bar gonarta da tsohuwar surukarta ta bi bariki ba. Haka muka tashi, mun fi sanin Baba a hoton da ke rataye a falo fiye da shi kansa.

Ba mugu ba ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Amma hirarmu da shi ba ta cika cokali ba. In durƙusa in ce, "Baba, ina kwana?" Ya ce, "Lahiya lau. Ya karatu?" In ce, "Da godiya." Ya ce, "Madalla." Shi ke nan, an tashi taro. Shekarata goma sha bakwai, bakina ba ya hutawa, har an sha ba ni yankan ciyawa a makaranta saboda surutu. Amma gaban mutumin da na fi son yin hira da shi a duniya sai harshena ya yi nauyi. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Ba wani babban abu nake nema ba, so nake ya yi magana da ni, ni kaɗai, ko da na minti biyar ne.

A kwana na uku da zuwansa ina wanke-wanke kusa da gindin mangwaro, inda yake zama da masu zuwa gaishe shi, na ji yana ba su labarin wani abin sha. Da Hausa yake maganar, ba da yarenmu na C'lela ba, domin cikin baƙin akwai wani abokinsa ɗan kasuwa daga Mahuta. Ya ce a can ƙasar da suka yi aiki akwai wani shago mai bangon gilashi, in sun sami sarari sukan shiga. Kofi ne mai sanyi, da madara da ƙanƙara, sai wani ruwan sukari ja-ja mai kauri da ake zubawa yana gangarowa a jikin kofin ta ciki.

"Tun da na baro can ban ƙara shan irinsa ba," in ji shi. "Wallahi har yau nakan ji shi a bakina."

Na ɗaga kai na dube shi. Fuskarsa ta saki, irin sakin da ban taɓa gani ba, har da ɗan murmushi. Nan take na ce a raina, jan sukari dai ai mazarƙwaila ce, wadda ake dafawa daga ruwan rake a daskarar da ita, ga ta nan jibge a kasuwarmu. In na haɗa masa abin nan, dole ya tambaye ni yadda na yi. In ya tambaya kuwa, ai ya taro ruwa, don ni ba a tambayata in ba da gajeriyar amsa.

Ran kasuwa na je wurin wani dattijo da ke kawo mazarƙwaila daga wajen Ribah, na zaɓi dunƙule huɗu masu duhu. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, mi za ki yi da har huɗu? Biki aka yi gidanku?" Na ce masa kofi zan haɗa. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce shi dai kunu ya san ana sa wa, amma yaran zamani ba abin da ba su iyawa. Na biya wani kanti na sayi ƙaramin gwangwanin garin kofi da na madarar ruwa.

Karon farko na nuna gwaninta. Na zuba madara a tukunya, na jefa mazarƙwaila a ciki, na ɗora a wuta. Tana fara tafasa madarar ta tsinke, ta yi gudaji-gudaji, ruwa gefe guda, tsaki gefe guda. Mama ta leƙo ta ce, "Au, sana'ar awara kika fara ba ki gaya mana ba?" Na sauke tukunyar na fita da ita waje. Kare ma da na zuba masa sai da ya yi shawara kafin ya lasa.

Daga nan na gane sai an dafa ruwan sukarin daban, ya huce, kafin ya haɗu da madara. Na daddatsa mazarƙwailar da wuƙa, na jiƙa ta a ruwan ɗumi ta narke, na tace da wani farin kallabi na Mama da take ajiyewa don zuwa coci. Abin da ya rage a kallabin ya ba ni tsoro: yashi, ɓawon rake, har da fiffiken ƙudan zuma. Tabon kuwa bai fita ba, na sha faɗa a kansa har bayan Ista. Na ɗora ruwan a kan gawayi, ina juyawa, ina kwashe kumfa. Ƙamshin ya cika gidan, ƙamshin rake da ɗan hayaƙi da wani abu kamar gyaɗar da ta fara soyuwa. Ya yi kauri, na ɗura a kwalba, na kwanta ina jin kaina a sama. Da safe na tarar ya daskare tamau a ciki, ko tsinke ba ya shiga. Sai fasa kwalbar na yi.

Mako guda ya tafi a haka. Wadda ta cece ni maƙwabciyarmu ce, wata Bahaushiya mai yin alkaki na sayarwa. Ta saurari kukana tana murza ƙulli, ta ce in rage wuta, kuma in sauke tun yana ɗiga daga cokali, kada in jira ya yi zare. Sannan ta ce, "Ki matsa mashi lemun tsami, ɗigo ukku, ba huɗu ba. Shi ka hana shi daskarewa. In kinka cika kuma, madararki ta sake tsinkewa, kada ki ce ni na sa ki."

Ɗigo uku ɗin nan suka gyara komai. Ruwan ya fito ja mai sheƙi, ya kwana ya wuni yana nan yadda yake. Na sayo ƙanƙara wurin wata matar soja mai firiza a kusa da bariki, na naɗo ta a buhu ina gudu kada rana ta shanye mini. Na ɗauko kofin gilashi guda ɗaya da muke da shi, na zuba ruwan sukarin yana bin jikinsa, na sa ƙanƙara, na zuba madara, na kawo kofi a sama. Na ɗanɗana. Ban taɓa shiga shago mai bangon gilashi ba a lokacin, amma na tabbata ko su sai haka.

Na ɗora a faranti na kai gindin mangwaro, na durƙusa na miƙa wa Baba. Ya karɓa da hannu biyu, bai ko duba ba, ya juya ya miƙa wa ƙanen kakana, wani tsohon soja da ya zo daga Dabai tun da safe. Tsohon ya kafa kai ya shanye tas, ya tauna ƙanƙarar da sauran haƙoransa, ya goge baki ya ce maganin shawara ne ko? Ya ce a ƙaro masa gobe, yana jin ya karɓe shi.

Na koma kicin ina huci. Mama ta ce, "Ke ma dai. Kin taɓa ganin maigida ya sha abu baƙo yana kallonsa?" Na san haka, a cikinta na tashi. Duk abin da aka kawo wa maigida gaban baƙo, na baƙo ne, kuma wanda ya fi tsufa shi ke fara karɓa. Abin da ban lissafa ba shi ne sojan da ya zo hutu ba ya rabuwa da baƙi. Tun kafin ya wanke fuska an yi sallama, kuma har a ci tuwon yamma ba a watse ba. Wannan ɗansa yake so a sa a soja, wancan gaisuwa kawai, wani kuma inuwar mangwaron ce ta yi masa daɗi.

Na sake gwadawa da kofi biyu, na tarar baƙi biyar. Na yi sammako, sai ga shi mai firiza ba ta buɗe gida sai hantsi. Ran Lahadi bayan coci ma ba a magana, rabin 'yan majami'armu suka biyo shi gida. Kofi bakwai na haɗa a hutun nan, na ƙirga, dattawan Zuru suka shanye su duka suna sa mini albarka. Ban taɓa jin haushin albarka irin na lokacin ba. Shi kuwa wanda aka yi dominsa ko leɓensa bai taɓa kofin ba, bai ma san abin da yake miƙawa ba.

Ranar da zai koma muka raka shi tasha. Na cika kwalba da ruwan sukarin, na naɗe ta a tsohon zani tare da dunƙulen mazarƙwaila shida, na tura cikin jakarsa. Ya ce, "Mi ne ne wannan?" Direba yana ta matsa hon. Na ce, "Abin nan ne da ka ce ka sha a ƙasar waje, Baba. Ka sa cokali biyu a kofi da madara mai sanyi." Ya dube ni, ya dubi jakar, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya ce, "To." Mota ta tashi. Na dawo gida na shige ɗaki na yi kuka mai isata, na rantse ni da mazarƙwaila har abada.

Yanzu ina zaune a birnin da irin shagunan nan suka cika kowane titi, Baba kuma ya daɗe da rasuwa. Nakan shiga in saya, in zauna, in kasa shanyewa. Nasu ya fi nawa kyan gani, amma ba shi da ɗan hayaƙin nan, kuma ba wanda zan kai wa. Kewarsa takan taso mini a irin wuraren nan fiye da a gaban kabarinsa.

A waccan shekarar, wata biyu bayan mun raka shi tasha, damina ta sauka. A lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Zuru ba, a layinmu mace ɗaya ce ke da ita, tana zama ƙarƙashin lema a bakin titi, ana zuwa a buga ko a amsa kira. Wata Asabar da hantsi ta ƙwala kira ta kan katanga cewa soja yana kan layi. Mama ta zabura tana gyara ɗaurin zani. Matar ta ce, "Ba ke ba, ɗiyarki ya ce."

Na isa ƙarƙashin lemar na karɓi wayar. Muryarsa ta zo daga nesa, da ƙarar ruwan sama a bayanta. Ya ce kwalbar ta ƙare tun tuni, ya gwada dafa nasa a kan risho, ya daskare masa kamar dutse. "Yaya kinka yi naki?"

Na ja numfashi na fara daga farko. Yadda ake zaɓen mai duhu, yadda ake daddatsawa, yawan ruwa, tacewa, kwashe kumfa. Na ba shi labarin awarar da na yi, ya yi dariya, dariya sosai, har ya yi tari. Na gaya masa kofi bakwai da dattawa suka shanye, ya ce, "Kai! Ashe abin da na yi ta ba mutane ke nan?" Da na iso kan lemun tsami sai na ji bakina ya tsaya. In na faɗa, abin zai yi masa daidai, kuma ba shi da sauran dalilin kirana. Na haɗiye maganar. Na ce masa ya rage wuta kawai.

Bayan mako biyu ya sake kira, ya ce ya kuma daskarewa. Na ce wataƙila ruwan ne ya yi kaɗan. Daga zancen ruwa muka faɗa zancen ruwan saman kudu da ba ya ɗaukewa, ya ba ni labarin ranar da ya fara ganin teku, ya ce tsoro ya ji amma bai gaya wa kowa ba. Na gaya masa ina son karatun aikin jinya, abin da ko Mama ban gaya wa ba. A kira na uku na ɗora laifin a kan tukunyarsa. Kunya tana damuna, ina zuwa coci ina roƙon gafara, amma ran Asabar tun da safe nake share ƙofar gida, kunnena yana wajen lema.

A kira na huɗu na fara kame-kame, ina cewa ko rishon ne ba shi da kyau. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Ke, akwai wata mata mai tuwo nan bariki, 'yar wajenmu ce. Tun karon hwarko ta gaya mani zancen lemun tsami."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na riƙe wayar da hannu biyu, mai lema tana kallona. Can Baba ya yi gyaran murya.

"To, ina jin ki," ya ce. "Ruwa kofi nawa munka ce?"