Kwanon da Ake Kaiwa Gammo

Kakata ta wajen uba ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa ba, amma duk Lahadi sai ta naɗe Littafi Mai Tsarki a ɗankwali ta tafi coci da shi. In na tsokane ta na ce, "Tsohuwa, me kike gani a ciki?" sai ta ce, "Kai da kake gani me ya ƙara maka ban da tsawon baki?" Haka muke da ita. Mijina take ce mini, ni kuma in ce ai tun bara na sake ta don ba ta da haƙora.

Unguwarmu 'yar ƙarama ce a bayan Gude. Hausawa ne mu, Kiristoci, Musulmi sun kewaye mu ta ko'ina. In Kaka ta zauna ɓarar gyaɗa, labarin gidansu ba ya wuce ta. Ubansu Bamaguje ne, yana da kukar da yake yi wa yanka. Cikin duk 'ya'yan da uwarsu ta haifa, ita da ƙanenta kaɗai suka rayu. Ita ta bi mijinta coci, tun tana zuwa don kunya har abin ya shiga ranta. Ƙanen ya tafi Gwarzo koyon ɗinki, ya musulunta, ya kafa gida a Gammo. Shekara uku ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Sai da uwarsu ta kwanta ciwon ajali ta kira su, ta tura musu kwanon tuwo ɗaya a tsakani, ta ce ba za ta rufe ido ba sai ta ga hannuwansu a ciki. Suka ci suna kuka.

Tun daga nan kwano bai daina yawo ba. Babbar Sallah cinyar ragon layya ta zo mana, Kirsimeti kuma shinkafa da naman taure su tafi Gammo. Don haka ba a taɓa bari ɗan gidanmu ya yanka dabbar Kirsimeti ba. Wani maƙwabcinmu Bafulatani, wanda kowa ke kira Malam, shi ke zuwa da wuƙarsa ya yi bisimilla ya yanka, domin Musulmi su iya ci. Abin alfaharin Kaka ke nan. Takan ce, "Shekara arba'in, ƙanena bai taɓa tambayata wa ya yanka ba. Buɗewa yake ya ci."

Ni na ɓata wannan. Ba yaro ba ne ni lokacin, balle in fake da ƙuruciya. Ina shekarar ƙarshe a kwaleji a Kano, na dawo hutu kaina ya cika da wa'azi, ina ganin duk unguwar ba wanda ya kai ni sanin Allah. Ranar jajiberen Kirsimeti Malam ya tafi suna a Kutama, ya aiko cewa zai dawo da hantsi. Hantsi ya wuce, rana ta take. Kaka ta tafi sharar coci da zumuntar mata, babana yana kasuwa, ga taure a ɗaure yana ta kuka. Haushi ya kama ni. Wai mu da bikinmu, da dabbarmu, sai mun zauna jiran wani? Addu'armu ba ta isa ba ne? Na wasa wuƙa, na ja tauren bayan rumbu, na yi addu'a da ƙarfi kamar da wanda muke musu, na yanka.

Da Kaka ta dawo ta tarar har na feɗe.

"A'a, Malam ya zo ke nan?"

"Ya zo ya tafi," na ce. Ko bugawa ƙirjina bai yi ba.

Washegari bayan sujada a coci ni na ɗaure kwanon a bayan babur na kai Gammo. Tsohon, ƙanen Kaka, yana ƙofar gida kusa da kekensa na ɗinki. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi ƙafar yayarsa, ya tambayi karatu. Ya buɗe kwanon, ya yi bisimilla, ya ɗauki tsoka. Sannan ya kira jikokinsa ya dinga miƙa musu ɗaya ɗaya. Ina zaune ina kallo, har ina ce wa raina, to ga shi sun ci, me ya same su?

Kwana biyu tsakani Malam ya yi sallama a gidanmu.

"Inna, ki gafarce ni. Taya ce ta fashe mana a hanya, kunya ta hana ni leƙowa. Wa kuka samu ya yanka muku?"

Kaka ta juyo ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ta ce da Malam ba komai, Allah ya kiyaye gaba, ta raka shi har zaure. Da ta dawo na riga na shirya hujjojina, na fara jawo mata ayoyi a kan abinci da 'yanci.

Ta ce, "Rufe mini baki. Ni ban san shafi ba. Abin da na sani, Almasihun da nake bi bai taɓa ba wa mutum abu a rufe da ƙarya ba. Tada babur."

"Kaka, in ba mu faɗa ba wa zai sani?"

"Ni na sani."

Na goya ta har Gammo, hannunta na riƙe da rigata. Muna isa wurin ƙanenta ta ƙi hawa tabarma. Matar da ta girme shi, wadda ta goya shi yana jariri, ta durƙusa a ƙasa gabansa da gwiwoyin nan nata masu ciwo. Ta ce naman bana ba Musulmi ne ya yanka ba, an yi sakaci a gidanta, laifinta ne, ya yafe mata. Ina tsaye jikin babur ina jira ta ambace ni. Ba ta ambata ba. Ni kuma, jarumin wa'azi, bakina ya mutu.

Tsohon ya ce, "Tashi, Yaya, don Allah tashi. Abin da aka ci cikin rashin sani Allah ba ya kama bawa da shi." Ya kamo hannunta ya ɗaga ta. Da Sallah ta zo cinyar rago ta iso kamar kullum, na ce a raina shi ke nan, an wuce wurin.

Kirsimeti ta zagayo. Malam ya yanka, Kaka na tsaye a kansa da sandarta. Na kai kwanon. Muka gaisa da tsohon kamar yadda muka saba. Ya ɗora hannu a kan murfin, amma bai buɗe ba. Ya rage murya don kada yara su ji.

"Wa ya yanka?"

Na ce Malam ne.

"Ka gani da idonka?"

"Na gani, Baba."

"To madalla. Yaya ta tsufa, abubuwa na wuce ta. Kai kuwa mai ilimi ne, ba za ka yi mini ƙarya ba."

Nan ne wurin da ya kamata in faɗa. Allah ya buɗe mini ƙofa har biyu, na ƙi shiga. Na ce na gode. Sai da ya buɗe ya ci, aka juye, sannan na karɓi kwanon na ɗaure.

Kaka na zaune a tsakar gida tana jirana. Duk shekara tambayarta ɗaya ce, ya ci? Ranar ma ita ta yi. Na ce ya ci. Ta ƙura mini ido, don ta riga ta san yadda fuskata take in na rage magana.

"Me ya ce kafin ya ci?"

Wannan karon ban iya yi mata ƙarya ba. Na faɗa mata tambayar. Ta karɓi kwanon, ta juya shi a hannu, ta goge bakinsa da gefen zanenta ko da yake a wanke yake.

"To," ta ce, "yana da gaskiya ya tambaya."

Sau huɗu na ƙara kai kwanon kafin tsohon ya rasu, sau huɗu yana tambaya, kuma ni yake tambaya. Labarin shekara arba'in ɗin nan kuwa, har Kaka ta bi bayansa ban sake jin sa a bakinta ba.