Na Je Jami'a Neman Jirgina

Sun ƙwace mini jirgi, kuma ba wanda ya iya gaya mini laifinsa. Shekara goma sha ɗaya ina bandar kifi a Malanbil, bakin gulbin da ya raba ƙasarmu da ta wancan hayi, kafin na saye shi. Ƙanena ke kamun kifi da shi, gida biyu ke ci daga cikinsa. Wata Talata masu kaki na wancan hayi suka same shi bayan tsibirin yashi yana jan taru, suka ce ya ƙetare layin iyaka. Shi suka sake shi, jirgin suka ja suka kife a tudu. Na je wurinsu, suka ce layi. Na dawo wurin jandarmanmu, suka ce layi. Na ce a nuna mini shi, kowa ya miƙa hannu ya nuna ruwa. Jirgin katako kuwa in ya yi wata biyu a tudu, rana tsaga shi take yi.

Malamarmu ta makarantar manya, wadda ta koya mini riƙe bik, alƙalamin rubutu, ina da jika biyu, ita ta ji a rediyo cewa jami'ar da ke bayan birnin Kwatano za ta yi mako guda na lacca kan al'amuran duniya, ƙofa buɗe ga kowa, kuma rana ɗaya kan iyakokin ƙasashe ce. Na ce mata tunda akwai masu cin albashi don sanin layi, su zan tambaya. Ta yi dariya, da ta ga ina ɗaure kaya ta je ta ɗaure nata.

Mun tashi da asuba a bayan kamyon, babbar motar albasa, rana ta fito mana a garin Gene. Daga nan sai shinge bayan shinge. A kowanne a sauka, a nuna kartin shaida, a ɗaga dunƙule a amsa kirarin juyin juya hali. Kafin garin Kandi hannuna ya gaji. Wani jandarma ya tambaye ni ina zuwa, na ce jami'a. Ya dube ni, ya shaƙi warin albasar da ke jikina, ya fashe da dariya. Na juya na karanta masa allon da ke bisa kansa, baƙi bayan baƙi, da ƙarfi. Ya miƙo mini kartina da hannu biyu.

Kandi duk auduga ce, tuli-tuli a bakin hanya. A Paraku muka ci sakwara da wagashi, cukun Fulani, dala talatin, na ce wa mai tuwon da a Malanbil take da ta san ciniki. Muka kwana gidan 'yar'uwar Malama, da safe muka shiga jirgin ƙasa. Ban taɓa shiga ba, kuma ban zauna ba sai da ƙafata ta kumbura, ina manne da taga. Itatuwan kuka suka ɓace, duwatsu suka zo suka wuce, sai kwakwar manja har iyakar gani. A kowace tasha mata na cuso gari da ayaba ta taga. Abarba dala biyar, abin da a gida sai mutum ya kwanta ciwo ake sayo masa. Na ci biyu har harshena ya tsage.

A Kwatano na ce kafin komai a kai ni teku. Na tsaya na dube shi, ruwa ba hayi. Na ce wa Malama masuntan nan sun huta, ba wancan gefe balle masu kakinsa. Ta ce har a nan akwai layi, Inna, laccar Laraba ke nan. Raina ya ɓaci saboda su.

Jami'a gari ce guda cikin itatuwa. A bakin ƙofa an kafa babban allo da jerin laccoci, na bi shi da yatsa har ƙasa ba wanda ya taya ni: fari a Sahel, wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, farashin auduga a kasuwar duniya, dokar teku, iyakoki. Ɗakin laccar kujerunsa hawa-hawa ne kamar gangaren gulbi. Faransancina na kasuwa ne, don haka Malama ke raɗa mini a kunne ina rubutawa a kaye, ɗan littafina na rubutu. Ku ji abin da na samo ranar auduga: kuɗin audugar Kandi a wani birni ake yanke shi inda ko tsiro ɗaya ba ya fita. Na so in yi tsalle. Shekara nawa muna zagin mai sikeli, ashe shi ma ɗan aike ne. Da yamma aka nuna majigi kan mutanen da ake hana wa zama a benci saboda fatarsu, na fito ina huci. Ɗalibai kuwa ƙarƙashin kowane icce gardama suke, 'yan mata har da su, suna ambaton ƙasashe kamar unguwannin garinsu. Sun burge ni ƙwarai. Sai dai agidin masarar da ake ba su su ci, ko akuyata ba ta ƙoshi da shi.

Ranar Alhamis aka zo kan iyakoki. Furofesan dogo ne mai furfura, ya rataye taswira, sai ga gulbinmu a kai, shuɗi, da jan layi a tsakiyarsa kamar an ɗinke shi. Ya ce inda ruwa ya raba ƙasa biyu, galibi ana bin inda ya fi zurfi ne, hanyar da jirage ke bi. Sai ya buɗe hannuwa ya yi wata magana, ɗakin ya yi tsit. Na ce wa Malama, "Mi yac ce?" Ta ce, "Cewa ya yi, wa ke nan da zai iya gaya mana inda zurfin yake?"

A garinmu in babba ya yi tambaya cikin taro, amsawa ake, ƙyale shi raini ne. Na duba dama da hagu, yara ɗari-ɗari ba mai motsi. Na ji kunya ta kama ni saboda su, na miƙe na ce, "Ni na sani."

Malama ta kama zanena tana ja. "Inna, zamna. Ba amsa yake so ba, haka suke magana. Tambaya sai an ƙare, kuma a takarda ake rubutawa a miƙa."

Na ce, "In ba ya so, mi yas sa shi tambaya?"

Mai kula da taro ya buga tebur yana ce mini kamarad, kamarad, kiran 'yan juyin juya hali. Ɗalibai suka soma dariya. Furofesan ya ɗaga hannu, ya tambayi Malama daga ina nake. Da ya ji Malanbil sai ya miƙo alli. Na sauka matakalar nan, Malama a baya tana juya maganata.

Na zana tsibirin yashi. Na ce da aka kawo ni gidan miji, zurfin ta kudunsa yake, gefenmu, gorar tuƙi ba ta taɓa ƙasa. Shekarar babban ruwa ya koma arewa. Yanzu ta kudu da rani jaki ma yana ratsawa, manyan jirage duk ta arewa suke bi. Na ce masuntanmu da gora mai tsaga suke aunawa, kowane rami sun san sunansa. Sannan na ɗora allin inda aka kama jirgina, gab da tsibirin kafin a kai zurfin, na ce, "To Malam, wanga wuri na wa ne?"

Dariya ta ɗauke. Furofesan ya matso kusa da allon. Ya ce shekara ashirin yana koyar da layin nan, bai taɓa shiga jirgi a kansa ba. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, takardun da Turawa suka bari ba bakinsu ɗaya ba, shi kuma ba alƙali ba ne. Amma in zurfi ake bi, kuma yana inda na ce, to jirgina bai bar gida ba. Wata ɗaliba ta miƙe ta ce, Mama, in baɗi zurfin ya dawo kudu fa? Na ce, "Sai mu bar musu tsibirin, ɗiyata. Amma a auna a gaya muna, ba a bari sai mun jefa taru ba." Suka yi ta tafi har mai tebur ya gaji da bugawa ya sa hannu shi ma.

Bayan an tashi furofesan ya kwafe zanena cikin littafinsa, ya tambaye ni sunayen ramuka ina faɗi yana rubutawa. Ni ma na ce ya rubuta mini abin da ya faɗa, da wanda ya sani da wanda bai sani ba, ya sa hannu. Ya rubuta. Na naɗe takardar a leda na sa a lalita.

Dawowa ban ga hanya ba, ina ta bitar kayena har Gene. Mun iso Malanbil da la'asar, na tarar ƙanena zaune yana gyaran tarun da ba shi da inda zai jefa. Ya ce, "Yaya, kin samo layin?" Na ce na samo yadda ake nemansa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, 'yan jami'a suna da taswira ba su da gora, mu muna da gora ba mu da taswira, masu kaki kuma sun zauna tsakani ba su da ko ɗaya. Na kuma gane jami'a ba ta fi ƙarfin mai bandar kifi ba. Duk wadda ta iya karanta allon ƙofa a cikinku ta shiga ta zauna, in an yi tambaya ta amsa.

Ban sani ba ko takardar za ta yi aiki, mai ita ma bai yi mini alkawari ba. Amma jirgina ya yi kwana talatin da huɗu a rana. Washegari da sassafe na ari jirgin maƙwabci, na ɗauki gora mai tsaga, na sa ƙanena a baya da filafili da tsofaffin masunta biyu don shaida. Muka ƙetara, na tsaya ƙofar babban masu kakin, na ajiye takardar a teburinsa, na jingine gorar a bango, na ce ya taso mu je mu auna.