Bakabe a Ƙarƙashin Gada

Abubuwa da yawa na zaman da na yi a Doha sun zube daga kaina. Ko lambar ɗakinmu na Sanaiya, unguwar masana'antu da leburori, aka tambaye ni yanzu, sai na yi ta sosa ƙeya. Amma safiyar da aka yi kamun kifin kogi a ƙasar da Allah bai ba ta ko rafi ba, wannan kam tana nan daram, da ita za a binne ni.

A shekarun dubu biyu da 'yan kai ne, lokacin da duk inda ka juya a garin, ko ana haƙa ko ana gini. Ni direba ne a wurin wani attajiri. Shi ne kafil ɗinmu, wato takardunmu a hannunsa suke, in bai sa hannu ba, ko ƙofar filin jirgi ba ka isa ka leƙa ba. Arbab muke ce masa, wato maigida. Ba mugu ba ne, tsakani da Allah. Ciwonsa ɗaya ne: in ya ga abu a ƙasar wasu ya burge shi, to sai an kawo masa irinsa gida. Wata shekara ya je hutu ƙasar Turawa, aka sa masa wandon roba har ƙirji, aka tsayar da shi cikin wani kogi yana wurga fatsa. Yana dawowa ya ce kogi yake so a gonarsa da ke arewa da Doha.

Aka kuwa yi masa. Aka haƙa doguwar kwata mai lanƙwasa, aka dafe ta da siminti, aka jera duwatsun da jirgin ruwa ya kawo, aka ɗora 'yar gadar katako a tsakiya, aka yi wa duka rumfa. Ruwa ya gangaro, famfo ya kwashe shi ya mayar sama, ya sake gangarowa. Haka yake wuni yana zagaye, injinan sanyaya shi suna ta ruri a gefe.

Da kogin aka haɗo mana wani tsohon Bature, dogo, mai hular da ya soke da ƙananan ƙugiyoyi masu gashin tsuntsu. Ni nake ɗauko shi kullum daga unguwar Bin Mahmud in kai shi gona, kuma tun daga ƙofar gida har mu isa, karatun kogi yake ba ni da Turancin da rabi nake tsinta. A wurinsa na ji akwai kifin da ake kira samon da wani sitilhed, waɗanda suke tafiya teku su yi ƙiba, sannan su hauro kogin da aka haife su. Ya ce a ƙasarsu, farkon zafi, ƙanƙarar tsauni takan narke, kogi ya cika ya yi dauɗa, daga baya ya ja baya ya fara washewa, to a daidai nan kifi yake cin ƙugiya. Har waya yake bugawa gida ya tambayi lafiyar kogi kafin ya tambayi ta iyali. Ni Bakatsine da ruwan garinmu sai an zura guga da doguwar igiya, sai dai in yi ta gyaɗa kai ina kallon titi.

Arbab duk biyun ya so a zuba masa, har da wani na uku. Bature ya ce samon da sitilhed sai da teku. Arbab ya tambaya ko za a iya ƙara tekun. Da ƙyar aka lallashe shi ya haƙura da na ukun, tirawut, wani kifi mai ɗigo-ɗigo da aka kawo a jirgin sama kamar alhazai.

Da watan Yuni ya kama, injinan suka gaza. Zafin Doha ba ya jin Turanci. Sai aka ƙara mini aiki: in biya masana'antar ƙanƙara a Sanaiya, in ciko mota, in juye a kan kogin. Bature ya tsoma ma'aunin zafinsa, ya duba, ya ce da ni da fuskar gaske wai ƙanƙarar tsauni ta fara narkewa. Ashe ni ne tsaunin.

To, a nan abokina ya shigo labarin. Ɗakinmu ɗaya da shi, mai gadi ne a ƙofar gonar, mutumin Argungu, jikan masunta. Bakabe nake ce masa, shi kuma ya ce mini bawansa, kun dai san tsakanin Katsinawa da Kabawa. Ranar da mudir, wato manajan gona, ya tambaya wa ya san kifi, shi ya ɗaga hannu don ya tsira daga ranar bakin ƙofa. Aka ba shi ciyar da kifi da share kwata. Muka naɗa shi Sarkin Ruwan Siminti.

Amma Bakabe yana da abin da ke cin ransa. Da ciki ya baro matarsa. An haifi yarinya, ta yi zama, ta yi rarrafe, ta tashi da ƙafarta, har ta fara magana, bai taɓa ɗora ido a kanta ba. Abin da ya fi ƙona shi, ƙanensa take kira Baba. Lokacin hutunsa ya yi tuntuni, amma duk sanda ya tunkari mudir sai ya ji “bukra, inshallah”, wato gobe in Allah ya so. Ranar nan ya yi ta maza ya tari Arbab da kansa a bakin gada, ni na yi musu tafinta. Arbab ya ce ranar Juma'a zai kawo babban baƙo, wani abokin gasarsa da ya daɗe yana yi masa dariyar kogin nan.

“In baƙona ya kama kifi, halas, shi ke nan, ka tafi ka ga 'yarka,” in ji shi.

Matsalar ita ce tun da aka zuba kifin nan, ba wanda ya taɓa kama ko ɗaya. Sun ƙoshi da abincin buhu, zafi ya kashe musu jiki, sun tattaru a gurbi mai zurfi ƙarƙashin gada sun yi lamo. Bature ya wuni yana wurga musu ƙugiya mai gashi, ko kallo ba ta ishe su ba. Aka hana su abinci, suka ƙara lafewa.

“Kai bawana, tambayam min shi,” in ji Bakabe. “Kifi da hankalinai zai ci gashin kaza? A sa mai tana mana, ko hanji.”

Da na fassara, Bature ya dafe ƙirji kamar an zagi iyayensa. A addininsu na kamun kifi, tana haramun ce. Ya kuma ƙara mana da cewa ko an kama, ba ci za a yi ba, hoto za a ɗauka a mayar da shi ruwa. Bakabe ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo ya ce mini, “Wanga ba su ba ne, cin zali ne. Ka wahal da kifi, ka wahal da kanka, miya kuma lami.”

Ranar Alhamis muna cin abincin rana ya faɗa mini abin da ya yanke. A garinsu tun suna yara suke lalube, su nutsa su zaro kifi daga ƙarƙashin dutse da hannu. Zai shige ƙarƙashin gada kafin baƙi su zo, in ƙugiya ta iso ya maƙala mata kifi. Ni nawa, in juye ƙanƙara da yawa, in haɗa da shebur biyu na yashi don ruwa ya ɗan gurɓace, in kuma san yadda zan tsayar da baƙo ta saman gada, inda ruwa zai ja ƙugiyarsa zuwa ƙarƙashinta. Na ce masa ruwan nan fa ba na Argungu ba ne, sanyinsa har ƙashi yake shiga. Ya ce, “Ɗiyata nika son gani. Ko cikin firiji anka ce in kwana, sai in kwana.”

Juma'a bayan sallar asuba motoci suka fara shigowa. Jama'a, ban taɓa ganin abin dariya irin manyan mutane sun cusa farar jallabiya cikin wandon roba ba, kowa ya kumbura ta tsakiya kamar buhun auduga. Ana zagayawa da gahawa da turaren wuta a bakin kwata. Bature ya duba ruwa ya ga yashina, ya ce madalla, yau kogi ya yi launi, irin wanda kifi yake so.

Baƙon ya karɓi sandar fatsa. Wurgin farko ya kamo rumfa. Na biyu ya kamo ɗankwalin nan da mazan Larabawa ke yafawa, daga kan wani ɗan rakiyarsa. Arbab yana murmushi, amma ina ganin gumi yana bin gemunsa. Ni kuwa idona yana kan gada, don na san akwai ɗan mutum cikin ruwan ƙanƙara har wuya tun kafin gari ya waye. Da ƙyar da taimakon Bature ƙugiya ta faɗa ruwa, ta bi gangara, ta shige ƙarƙashin gada. Shiru. Can sai sanda ta lanƙwasa.

Wurin ya kaure. Baƙo yana ja yana kiran sunan Allah, 'yan rakiya suna ta “yalla, yalla”, har aka fito da kifi yana sheƙi. Aka yi hoto, aka yi tafi, Bature ya karɓe shi da ladabi ya mayar ruwa. Kifi kuma ina zai je? Ya koma gidansa ƙarƙashin gada, hannun Bakabe. Baƙo ya sake wurgawa, sanda ta sake lanƙwasa. Arbab ma ya karɓa, ya kama. Kowa ya kama, har wanda aka cire wa ɗankwali. Bawan Allah kifin nan, mai yagaggen wutsiya, ya sha fitowa har ya daina motsi, in an ɗaga shi sai dai ya buɗe baki ya jira hoto.

Ina lura da Bature. Ya dubi wutsiyar, ya dubi gada, ya dube ni. Na ce shi ke nan, asiri ya tonu. Amma shi ma da kafil yake kwana yake tashi kamar mu. Ya gyara hularsa ya sanar da taro cewa a duk shekarunsa bai taɓa ganin yanayin kogi mai kyau irin na yau ba.

Sai da baƙi suka shige cin abinci na zagaya na jawo Bakabe. Leɓɓansa sun yi fari, haƙora suna karo, yatsu sun ƙi miƙewa. Muka naɗe shi da bargo muka shanya shi a rana. Ina jin shi ne mutum na farko da sanyi ya kusa kashewa a Doha a watan Yuni. Amma dariya yake yi. “Bawana,” in ji shi, “shirya kai ni hilin jirgi.”

Bayan la'asar Arbab ya aiko a kira shi majalisa, ni kuma tafinta. Muka same shi cikin nishaɗi, har ya sa aka ba mu shayi. Ya nuna Bakabe yana dariya har da riƙe ciki.

“Na ga kanka tun kifin farko,” ya ce. “Baƙona ma ya gani. Kowa ya gani. Mumtaz, aiki ya yi kyau.”

Wato duk ihun nan da tafin nan, ba wanda aka yaudara. Abin da suke so ke nan, sanda ta lanƙwasa, a yi hoto. Arbab ya ce baƙon har ya roƙa a sayar masa da takardun Bakabe, shi kuwa ya ce ko da wasa. Juma'a mai zuwa ma zai dawo da 'yan'uwansa. Ya sa aka miƙo wa Bakabe kyauta, sabuwar rigar roba ta masu nutso, wai don kada sanyi ya sake damunsa.

Bakabe ya taɓa ni. “Tambaye shi batun hutu.”

Na tambaya. Arbab ya buɗe ido da mamaki na gaskiya. “Hutu, yanzu da aka shiga lokacin kifi? Tambayi Bature, farkon zafi ai shi ne lokacin. Wa zai saki mutum irin wannan? In lokaci ya wuce, inshallah.”

Na yi tafinta a wurare da yawa a rayuwata, amma ban taɓa jin nauyin harshena irin na ranar ba. Da bakina, da Hausar da muke tsokanar juna da ita, na gaya wa abokina ba zai tafi ba. Ya rungumi rigar robar, ya yi godiya, muka fito. A mota da yamma Bature ma bai yi mini karatun kogi ba, har muka isa Bin Mahmud.

Lokacin kifi kuwa a kogin da famfo ke turawa ba ya wucewa. Zafi ya wuce, sanyi ya zo, wani zafin ya dawo, duk Juma'a Bakabe yana ƙarƙashin gada. Har suna ya yi, attajirai suna zuwa daga nesa don a maƙala musu kifi. Ba a sake shi ba sai da Arbab ya je wata ƙasar ya ga gonar shayi a kan tudu, ya dawo ya ce tudu yake so. Aka kashe famfo, aka sallami Bature, kifin kuma Bakabe ya yi mana bandarsu, muka ci da gari. A makon aka sa masa hannu, ba tare da ya ko roƙa ba.

Da ya isa gida ya bugo mini waya. Na ce yaya 'yar tamu? Ya ce lafiya lau, ta girma, har an sa ta makaranta, ga ladabi. Yana sallama ta fito ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, sannan ta juya ciki ta ce, “Inna, an yi baƙo.” Ya yi dariya a wayar, ni ma na taya shi, amma daga ni har shi mun san ba ta dariya ba ce.

Tun daga ranar na riƙe abu ɗaya, kuma shi nake gaya wa duk yaron da ya zo mini sallama zai tafi aiki ƙasar wasu. In mai iko da kai ya ɗora maka aikin banza, yi shi daidai yadda ba za a kore ka ba. Kada ka kuskura ka yi shi yadda ba za a iya rabuwa da kai ba.