Koriyar Riga

Yana zaune a bencin ƙofar ofishin shugabar makaranta, dogon mutum mai furfura a gemu, dunduniyar takalminsa duk ta cinye. A cinyarsa akwai fayil da ya yi laushi don yawan buɗewa. Kusa da shi 'yarsa ce, ba za ta wuce shekara tara ba, tana jijjiga jiki tana murza maɓallin rigarta, ba ta kallon kowa.

Rigar makaranta ce, koriya, a goge tsaf, amma babu mai irinta a garin nan. Daga gani sabbin zuwa ne, kuma da alama sai an sa mata ita take yarda ta fito.

Sakatariya ta leƙo. "Baba, sai haƙuri. Ba mu da malamin da zai iya da irinsu."

"Ba komai, 'yata," ya ce, kamar wanda ya saba ji.

Sai aka buga ƙararrawa. Yarinyar ta miƙe zumbur, ta saɓa jakarta, ta nufi layin 'yan aji. Uban ya kamo gefen koriyar rigar a hankali.

"Ba da mu ake ba, Uwata. Zo mu tafi."