Ƙurar da Ba a Shiga Gida da Ita

Kakata Hajjo ba ta iya boko ba, amma Ajami kam ba ta tuntuɓe. Tana da wasu takardu cikin gafaka, waɗanda ƙanenta, malamin makaranta a Gummi, ya juyo mata daga wani tsohon littafin hikaya. Bayan magariba, idan an sauke tuwo, mukan zagaye murhu, ta karkata takarda wajen hasken wuta tana bi da yatsa.

Babu aljani a labarin, babu dabba mai magana. Wai a wani zamani mai zuwa, wasu mutane ne suka ƙera jirgin ƙarfe, suka tafi wata duniya ɗebo duwatsu masu walƙiya. Da suka dawo, wata tsohuwar likita ta tare su a ƙofar gari, ta ce su yi wanka, a binne tufafinsu, kafin su taɓa 'ya'yansu. Mutum ɗaya ya haura katanga don ɗokin ɗiyarsa. Ƙurar rigarsa ce ta kwantar da ita.

Na taɓa cewa, "Kaka, ai ƙarya ce. Wa ya san gobe in ba Allah ba?"

"Kai mijina, ka cika wa'azi," in ji ta. "Mai littahin bai ce ya san gobe ba. Tambaya yay yi: in ta zo haka, mi za ku yi?"

Ta daɗe da rasuwa sa'ad da haƙar zinariya ta kankama a yankinmu. Ran nan ƙanena Sani ya iso da buhun duwatsu a bayan babur.

"Yaya, ba ni aron turmin Inna. A gida za mu daka."

Ɗiyata Hafsi tana rarrafe a tsakar gida, hannu a baki. Ban san komai game da dalma ba a lokacin. Likitar nan ta labarin Kaka kawai na tuna, na kuwa tuna wa Sani ita.

"Buhun ya tsaya waje. Kai ma ga ruwa a zaure, ka wanke jiki, ka sauya riga."

"Don tatsuniyar tsohuwa za ka mai da ni baƙo?"

Ya yi wata biyu bai gaishe ni ba. Sai yara suka fara faɗuwa da jijjiga a ƙauyuka, aka ce gubar dalma ce daga ƙurar dakan. Ma'aikatan lafiya suka ɗebi jinin Hafsi. Ranar da suka ce mini lafiya lau take, a wurin na yi sujada.

Ban san sunan marubucin ba, ban san addininsa ba. Abin da na sani, ya yi mini tambayar tun ina yaro, na samu shekaru ina shirya amsa. Da Sani ya zo barka, ya tsaya a zaure, ya ce a miƙo masa ruwan wanke jiki tukuna.